Man "feftaid" na gyambon ciwon suga: in saya wa Baba?

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum jama'a. Babanmu tela ne, yana da ciwon suga. Gyambo ya fito masa a ƙarƙashin babban yatsan ƙafa, daidai inda yake taka keke, ya ƙi rufewa. Ko zafinsa ba ya ji, jini muka gani a silifas ɗinsa. Wani a WhatsApp yana tallar man shafawa, wai na feftaid ne, yana rufe gyambo cikin mako guda. Kuɗin ba kaɗan ba. Wa ya san gaskiyarsa?

Nas a Asawase: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba Baba lafiya. Feftaid ba ƙarya ba ne. Guntun furotin ne, jikinmu ma yana yinsa. Akwai wani feftaid mai suna LL-37 da ke kashe ƙwayoyin cuta a fata. Wani mai bincike a Amurka, Michael Zasloff, ya lura kwaɗin Afirka da ya yi wa tiyata ya mayar cikin ruwa mai dauɗa ba sa ruɓewa. Daga fatarsu ya gano wani feftaid mai suna magainin, ya wallafa a 1987, daga shi aka haɗa man pexiganan don ƙafar masu suga. Amma hukumar magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa da shi a 1999, aka sake babban gwaji, a 2016 aka ga bai fi man da babu magani a ciki ba. To masu ɗakin bincike ba su cim ma haka ba, sai mai tallar WhatsApp? Riƙe sidinka.

Rashin jin zafin nan shi ya fi tayar mini da hankali. Suga ya taɓa jijiyoyinsa, wataƙila jini ma ba ya isa yatsan sosai. Sai an kankare mataccen nama, a daidaita suga, a ɗauke wa wurin nauyi.

Hajiyar Zongo: Ɗana, ku ba yaron shago keken. Kada kuma a gasa ƙafar da ruwan zafi, ƙonewa za ta yi bai sani ba.

Ɗan Aboabo: Na gode Anti, na gode Hajiya. Litinin zan kai shi asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi in sha Allah.

Nas a Asawase: Ku tafi da duk magungunan da yake sha. In ka ji wari, ko zazzaɓi ya kama shi, ko yatsan ya fara baƙi, kada ka jira Litinin.