Ƙaramar tantan ta hannu: in saya ko in ci gaba da bin layin haya?

Ɗan Garun Malam: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar wanda ya taɓa riƙe ƙaramar tantan da hannunsa. Eka tara nake nomawa, huɗu a Kadawa inda nake shinkafa da damina, tumatir ko alkama da rani, biyar kuma jigawa ce ta masara a gida. Bara sai da na yi kwana goma sha ɗaya ina jiran babbar tantan ta haya, irin shinkafata ya tsufa a fangali. Shekaranjiya aka nuna min wata Kubota ta hannu, wato wadda aka riga aka yi aiki da ita, ƙarfin doki 24, tana ja da ƙafa huɗu, da rotabeta, na'urar da ke marmasa ƙasa, a bayanta. Na hau na gwada ta a fala ɗaya. Gaskiya ta burge ni. Tana juyawa a kusurwa ba ta rushe min kunyar ruwa ba, ƙasa kuma ta fito laushi kamar an tankaɗe. Miliyan takwas da rabi aka ce. Tambayata biyu ce: za ta ja garmar faifai da rija mai tada kunya a jigawa? Kuma kayan da ake sayarwa a nan za su ɗauru a bayanta?

Abu Hanifa: Wa alaikumus salam. Ka ƙara kuɗi ka sayi Massey 375 kawai, ko wane bakanike ya san cikinta.

Ɗan Garun Malam: Malam, in da ina da kuɗin Massey ai da ban yi tambaya ba. Kuma doki 75 a falar da ba ta kai rabin eka ba, ina za ta juya?

Baban Ummi: Ƙanena, tsaya ka ji nawa kafin ka ba kowa ko sisi. Tawa tantan ɗin ba Kubota ba ce, kuma ba zan faɗi sunanta ko na wanda ya sayar min ba, na bar shi da Allah. Shanun huɗa biyu na sayar, na haɗa da kuɗin waken suya, na sayi ƙarama irin wannan. Fenti sabo fil, agogon awa yana nuna ɗari shida da wani abu. Makon farko har kallo ake zuwa yi. A mako na uku, ina tsakiyar gonar surukina, na ja hannun ɗaga garma, ta ƙi tashi. Famfon haidirolik ya mutu. Bakanike ya buɗe ya ce min, Alhaji, wannan injin ya ci awa dubbai, agogon aka taɓa. Takardar da ke manne a jikinta ba mai iya karantawa, ba boko ba ce ba ajami ba. Na zaga Kano, na aika Kaduna, na aika Legas da hoton famfon. Sati bakwai tana kwance a gindin darbejiya, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Abin da ya fi ci min rai, ni da na saba a zo ƙofar gidana neman shanu, ni ne na koma roƙon a huɗe min gona, sai da kowa ya gama tasa. Masarar shekarar ko ta ci ba ta isa ba. Har yau uwargida ba ta son a yi zancen.

Hajiyar Bunkure: Allah Ya mayar da alheri, Baban Ummi. Shanun ne suka fi ba ni tausayi.

Mai Albasa: Miliyan takwas da rabi? An ɗora maka. Wani abokina shida ya saya da rotabetarta.

Abu Hanifa: Yaushe? Ni watan jiya aka ce min goma sha ɗaya, kuma ba komai a bayanta.

Mai Albasa: Ya kai shekara biyu.

Abu Hanifa: To ai ka ji. Dala nawa take a lokacin?

Injiniya: Bari in koma kan tambayar. Ɗan Garun Malam, je ka duba bayanta da kyau. Da yawa daga cikin waɗanda aka ƙera don gonakin shinkafar Japan, maɗaurinsu an yi shi ne don rotabetarsu kaɗai. In ba ka ga hannuwa biyu dogaye a ƙasa da ɗaya a sama ba, sai an yi mata sauyi kafin garma ta ɗauru. In akwai, ka auna kaurin fil ɗin, domin kayan manyan tantan sun fi nata kauri, kuma sun fi ƙarfin ta ɗaga su. Sandar da ke juya rotabeta kuma, yawancin kayan kasuwa juyi 540 a minti suke so, irin waɗannan kuwa sukan zo da giya uku ko huɗu, sai ka san wacce ce daidai. Garma mai faifai biyu ƙanana za ta ja a ƙasa mai laima, amma ka sa mata nauyi a gaba don kada ta ɗaga kai. Rija ce matsalar. Kunyar masara santimita 75 muke yi, tantan na bukatar faɗin mita ɗaya da rabi ta haye kunya biyu. Waɗannan ƙafafunsu a matse suke, cikinsu kuma kusa da ƙasa.

Oga Bakanike: Injiniya, da girmamawa, wannan lissafin ofis ne. Shekarata ashirin ina kwance a ƙarƙashin tantan. Abin da ke kashe ƙananan nan gurɓataccen gas ne, na jarka da ake saya a bakin titi. Ruwa da datti su shiga nozul, shi ke nan. Ka tace gas, ka riƙa canja filta, ka juye baƙin mai ranar da ka saye ta ko me aka ce maka. Kuma tayoyin nan masu dogayen haƙora na taɓo ne, in kana hawa kwalta daga Kadawa zuwa gida za su cinye.

Injiniya: Ban musa maka ba, Oga. Amma tace gas ba zai faɗaɗa mata ƙafa ba.

Baban Ummi: Ku duka biyun ba wanda ya sa kuɗinsa. Wanda ya yi asara shi za a saurara.

Oga Bakanike: Alhaji, da ka kira irinmu kafin ka biya, da mun gane agogon. Feda ma kaɗai tana faɗin shekarun mota.

Bazazzagi: Ku bar Bakano ya saya. Kafin damina ta ƙare ya maƙala mata tirela yana dakon buhu a Dawanau, gonar ma ya manta da ita.

Ɗan Garun Malam: Kai dai bawanmu, ka zo in ɗauke ka yaron mota. Injiniya, na koma na duba ɗazu, hannuwan biyu suna nan, na saman ne gajere ƙwarai. Wannan fa?

Hajiyar Bunkure: Ni abin da nake so ka yi tunani, wa zai tuƙa? In kai ne, madalla. In direba za ka ɗauka, ka shirya. Mu masu ɗaukar haya mun san halinsu. A biya kuɗin haro, ya bi gonar a guje sau ɗaya, faifai ko ɗan yatsa bai shiga ƙasa ba. Ka yi magana ya ce akwai masu jira.

Mai Albasa: Hajiya kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Da 'yan kamasho masu auna gona da taku. Gonata da na gada, tun ina yaro eka biyu ce, bana ɗan kamasho ya taka ya ce uku saura kaɗan.

Abu Hanifa: Ni hekta ɗaya aka caje ni kuɗin eka uku, alhali biyu da rabi ce. Yanzu da waya nake aunawa a gabansu.

Mai Albasa: Suna yarda da awon wayar? Nawa cewa ya yi shi bai san wannan ba, in ban biya ba tantan ta wuce gonar gaba.

Ɗan Garun Malam: Jama'a, mai ita ya ba ni zuwa Juma'a. Maganar gajeren hannun nan fa?

Hajiyar Bunkure: Abu Hanifa, wace manhaja ce kake aunawa da ita? Ɗana zan sa ya ɗora min.