Ku taimaka min da Hausar MRI da raunin ƙwaƙwalwar jarirai, ranar Alhamis za a ɗauki shirin

Mai Fassara: Assalamu alaikum malamaina. An ba ni fassarar wani bayani na shirin lafiya a rediyo, jibi Alhamis da safe za a ɗauka. Batun Farfesa Joseph Volpe ne, likitan nan na Amurka da ya daɗe a asibitin yara na Boston da jami'ar Harvard, wanda ake kira uban fannin ƙwaƙwalwar jarirai. Babban littafinsa kan fannin ya fara fitowa a 1981, har yau ana sake buga shi. Ana so masu sauraro su ji irin tasirin da bincikensa ya yi. Wuri uku na maƙale: lahanin da ke samun ƙwaƙwalwar jariri wajen haihuwa, da hotunan da ake ɗauka don a gano shi, musamman MRI, sai kuma abin da masana ke kira citation, wato yadda mai bincike ke kawo sunan aikin wani a rubutunsa. A daftarina na sa "taɓin ƙwaƙwalwa", amma hankalina bai kwanta ba.

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, goge "taɓin ƙwaƙwalwa" tun kafin ki ƙarasa karanta wannan. Duk uwar da ta ji haka, hauka za ta fahimta. Na gani da idona a ɗakin jarirai. Wata ɗaliba ta ce wa mai jego ƙwaƙwalwar ɗanta ta taɓu, baiwar Allah ta koma gado ta juya wa kowa baya, kwana biyu ta ƙi tatsar nono, kofin da muka ba ta yana ajiye a gefenta yadda muka bar shi. Sai da aka zauna da ita aka warware mata. Ki ce "rauni a ƙwaƙwalwa".

Ɗan Laburare: Ni "lahani" ya fi kwanta min. Rauni kamar an buge shi da wani abu ne.

Likitan Yara: Lahani da illa suna nuna abu ya riga ya tabbata, alhali a kwanakin farko ba a san inda yaron zai tsaya ba, wasu suna tashi lafiya lau. Rauni yana warkewa, yana kuma barin tabo, shi ya sa na fi son shi. Amma Malama, ki raba abu biyu. Akwai jaririn da ya cika wata tara, aka sha wahalar naƙuda, jini da oksijin suka yi wa ƙwaƙwalwarsa ƙaranci, ya fito bai yi kuka ba. Wannan shi ne abin da likitoci ke kira HIE a taƙaice, kuma tun 1976 wani likita mai suna Sarnat ya kasa shi mataki uku. Akwai kuma bakwaini, wanda jini kan zuba a kogunan ruwan da ke tsakiyar ƙwaƙwalwarsa, wata likita mai suna Papile ta kasa wannan mataki huɗu a 1978. Inda Volpe ya fi yin fice shi ne farin sashen ƙwaƙwalwar bakwaini. Ƙwayoyin da za su yi wa jijiyoyi rufi, kamar robar da ke jikin wayar lantarki, ba su gama ƙosawa ba tsakanin mako 23 da 32 na ciki, abu kaɗan ke kashe su. A 2009 ya rubuta a mujallar Lancet Neurology cewa matsalar ba ɓarna kaɗai ba ce, har da tauyewar girman da ya kamata ya biyo baya. Kuma don Allah kada ki ce "rashin iska" kawai, ki ce oksijin ko iskar shaƙa. Kin san inda tunanin mutane zai tafi idan aka haɗa iska da ƙwaƙwalwa.

Mai Fassara: Allah ya saka da alheri Likita. Rauni ya zauna. Saura hoton.

Malam Nahawu: Na daɗe da samo wannan, na kuma gwada wa ɗalibaina sun karɓa: "leƙa-ƙwanya". Ginin Hausa ne tsantsa, aikatau da suna, kamar share-fage da amsa-kuwwa. Gajere ne, yaro ma zai riƙe. A ce an yi wa jariri leƙa-ƙwanya, magana ta ƙare.

Likitan Yara: Malam, da girmamawa, na'urar ba ta ƙwaƙwalwa kaɗai ba ce. Da ita ake duba gwiwa da ƙashin baya da hanta. Idan na tura dattijo a duba masa gwiwa, in ce ya je leƙa-ƙwanya? Sannan CT ma tana leƙa ƙwanya, sikanin ma haka. Suna ɗaya ya rufe abu uku, kuma bambancinsu shi ne abin da iyaye suke tambaya. CT tana aiki da hasken eksire, shi ya sa ake kaffa-kaffa da ita ga jarirai. MRI babu wannan, maganaɗisu ne mai ƙarfi da igiyar rediyo suke karanta ruwan da ke jiki. Ni dai "hoton maganaɗisu" nake cewa.

Malam Nahawu: Maganaɗisu Larabci ne. Mun gudu daga aron Turanci mun faɗa aron Larabci. In dai sai an ambaci ƙarfen, muna da namu, mayen ƙarfe. Kullum haka kuke yi, da an kawo kalmar gida sai ku ce ba ta dace da kimiyya ba. Gaskiyar magana, da yawan likitocinmu kunyar Hausa suke ji, gani suke in ba su jefa Turanci ba ba za a san sun yi karatu ba.

Anti Nas: Malam, ka tsaya ka ji yadda zai fita daga bakina: "Hajiya, gobe za a sa jaririnki a cikin mayen ƙarfe." Wallahi kafin gari ya waye ta naɗe kayanta.

Likitan Yara: Maganar kunya kuwa ba adalci ba ce. Da Hausa nake duba marasa lafiya tun safe har dare. Abin da muke ƙi shi ne kalmar da aka ƙera a ofis, ba a taɓa furta ta a gaban uwa mai kuka ba.

Malam Nahawu: To ai ga shi, ofis. Mu da muka ƙare rayuwarmu kan harshen nan mu ne 'yan ofis. Da can da babu "kwamfuta" wa ya ce "na'ura mai ƙwaƙwalwa"? Ba masana harshe da 'yan jarida ba ne? Swahili sun zauna sun yi wa fannoni kalmomi, mu muna nan muna jiran mara lafiya ya zaɓa mana.

Ɗan Laburare: Malam, na'ura ma Larabci ce. Littafi da alƙalami da darasi duk haka. Likita da asibiti kuwa daga Turanci suka zo, babu wanda ya ce ba Hausa ba ne. Kalma in ta shiga bakin mutane ta zama tamu.

Malam Nahawu: Wancan aro ne da ya daɗe ya narke. Wannan kuwa yanzu ake yanke shawara, kuma muna da zaɓi.

Mai Fassara: Malamaina ku yi haƙuri, lokaci yana ƙure min. Anti, ke me kike ce wa iyaye idan za a yi sikanin kan jariri?

Anti Nas: Ban taɓa ɗaukarsa a matsayin kalma ba. Cewa nake za a shafa ɗan mai a maɗigarsa, a ɗora kan na'ura a gani, ba allura ba zafi. Nakan kama yatsan uwar in ɗora a wurin, ta ji yana motsi, in ce ta nan za a duba tunda ƙashi bai rufe ba tukuna. Su da kansu suke dawowa suna tambaya ko an yi hoton maɗiga.

Likitan Yara: Hoton maɗiga! Wannan daidai yake ta kowace fuska. Sauti ne ake turawa ya dawo, ƙashi yana tare shi, maɗiga ce taga. Tana rufewa wajen shekara ɗaya da rabi, daga nan hanyar ta toshe. A gefen gado ake yi, yana kama zubar jini sosai. Abin da yake kuɓuce masa shi ne ƙananan raunukan farin sashe, nan MRI ta fi shi. Terrie Inder, 'yar New Zealand da ta yi aiki da Volpe, tana cikin waɗanda suka nuna haka a 2006: sun bi bakwaini 167, hoton MRI da aka ɗauka lokacin da ya kamata a ce an haife su ya nuna waɗanda suka fi shiga haɗarin matsalar tafiya da fahimta a shekara biyu.

Malam Nahawu: Hoton maɗiga na yarda da shi, kuma ku lura, Hausa ce zalla ta warware. Hoton ne kawai bare a ciki.

Ɗan Laburare: Kan citation, wasu suna cewa "kafa hujja da", amma ban so. Mai bincike yana iya kawo aikin wani don ya ƙaryata shi, kuma a lissafi duk ɗaya ne. "Ambato" ya fi gaskiya: an ambaci aikinsa sau kaza. Idan bayanin ya kawo ma'aunin h, wanda Jorge Hirsch ya fito da shi a 2005, ki fassara shi da misali. Mai 50 yana da maƙala 50 da aka ambaci kowace aƙalla sau 50. Sai dai ni da za a bi tawa, a rediyo a rage lambobi. Tasirin mutumin nan shi ne yau likita ya san inda zai duba a kan bakwaini da lokacin da zai duba.

Likitan Yara: Abu ɗaya kafin ki rufe. In rubutun ya taɓo maganin sanyaya jariri mai HIE, kada ki bar shi haka tsirara. Ana sauke zafin jiki zuwa digiri 33.5 na awa 72, a fara cikin awa 6 da haihuwa, a ɗakin kulawa ta musamman da na'urori. Gwajin HELIX na 2021 a Indiya da Siri Lanka da Bangaladash, kan jarirai 408, ya nuna a can bai taimaka ba, mace-mace ma sun ƙaru. Kada wani ya ji a rediyo ya gwada a gida.

Mai Fassara: Na gode ƙwarai, na sa wannan gargaɗin da babban baƙi. Ga inda na tsaya: rauni a ƙwaƙwalwa, hoton maɗiga, ambato. MRI kuwa zan ce "hoton maganaɗisu, wato MRI" a karon farko, daga nan in ci gaba da MRI, don shi za su gani a takardar asibiti. Malam, ka yafe ni.

Malam Nahawu: Babu komai 'yata, aikinki ne, Allah ya ba da sa'a. Amma ban janye leƙa-ƙwanya ba. A bar shi ya zama sunan da ya tattara duk hotunan ƙwaƙwalwa, tunda Likita da kansa ya ce duka ukun suna leƙawa.

Likitan Yara: A haka ba ni da ja. Sai dai "farin sashe" da na yi ta faɗa ni kaina bai gamsar da ni ba, kuma shi ne zuciyar aikin Volpe. Malam, in kana da wata kalma ka kawo kafin daren Laraba.