Abin nan da ke manne a duwatsun Birni, in na yi ado da shi zai cutar da kyanwata?

Ƴar_Birni:
Salamu alaikum ƴan uwa. Ni dai tun ina ƙarama ina son hawa duwatsun nan na bayan unguwarmu da yamma, to shekaranjiya bayan ɗan yayyafin da aka yi sai na lura da wani abu shimfiɗe a jikin dutsen ta wajen da rana ba ta cika dukansa ba, wani toka-toka wani ruwan ɗorawa, kamar an watsa fenti ya bushe, amma da ruwa ya taɓa shi sai launin ya fito fes. Wallahi na fi rabin awa ina kallo har yara suka fara tambayata ko kuɗi na yar. Layya ta matso, ina gyaran ɗaki, na ce ko in kankaro shi in jera a faifai da ƴan tsakuwoyi in aje kan tebur kusa da wutar ado da na sayo a kasuwar Dole. Matsalar ita ce kyanwata, ba abin da ba ta sa wa baki, har igiyar caja ta taɓa cinye min. Shin mene ne abin, kuma yana da dafi?

Malam_SVT:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Abin da kika gani shi muke koya wa ƴan lekol da sunan liken. Halitta biyu ne suka haɗa gida: naman gwari, wato dangin funfuna da naman kaza, da ƴan mitsi-mitsin gansakuka da ke zaune cikinsa. Gansakukar ce ke haɗa abinci da hasken rana, shi kuma ya riƙe ruwa ya yi mata inuwa. Wani masanin tsirrai ɗan Suwizalan, Simon Schwendener, shi ya fara faɗar haka a 1867 kuma da farko manyan masana ƙin yarda suka yi. Shi liken ba shi da saiwa, daga iska da raɓa da ruwan sama yake samun komai, shi ya sa in hayaƙi ya yi yawa a gari yake ɓacewa, har ana duba shi don gane lafiyar iska. In rani ya yi sai ya bushe ƙayau ya yi kamar ya mutu, ruwa na taɓa shi ya farfaɗo, abin da kika gani ke nan. A 2005 an fitar da shi sararin samaniya kusan sati biyu ya dawo da ransa.

Amma don Allah kar ki kankare. Irin wanda ke manne wa dutse akwai wanda a shekara ko milimita 1 ba ya ƙarawa, kin ga tabon da ya kai faɗin tafin hannu zai iya girmar kakarki. Kuma ko kin sa wuƙa gari kawai za ki samu, ba ya ɓamɓaruwa da kyansa.

Ɗan_Zango:
Hhhh Malam yau kuma darasi muka samu kyauta. Hajiya mutane na ta neman kuɗin rago ke kina can kina hira da dutse 😂 ki sayi labule kawai ki huta

Maman_Tantabaru:
Kai Ɗan Zango bar ta, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ƴar uwa ni kan kyanwar zan yi magana don na ga abu da idona. Bara ɗiyata ta rataya irin zaren nan mai ƙyalli a ƙofar ɗaki, kyanwarmu ta haɗiye guntunsa ba mu sani ba, kwana biyu tana amai ba ta ci ba ta sha, da muka kai ta wajen likitan dabbobi ya ce zare ya fi ƙashi haɗari don yana tattare hanji har ya yanka shi, kuma ko kin ga bakinsa ya leƙo kar ki ja. Allah ya sa da sauran kwananta. To ni a ganina wutar adon nan da wayarta su ne abin tsoro tunda kin ce tana tauna caja, ki ɗaga ta sama sosai ki manne da bango, in za ki fita ki cire daga kuran. In akwai kariya a tukunya cikin gidan, mai jan furen nan, ki nisanta ta, ruwanta dafi ne. Ranar suya kuma kar a ba ta naman da ya sha albasa da tafarnuwa, yana lalata musu jini, kuma ko me ya same ta kar wani ya ce a ba ta farasitamol, kashe kyanwa yake yi. Ni tantabaruna ma ranar Sallah nesa nake yi da kaskon turaren wuta daga akurkinsu, hayaƙi ba ya yi wa tsuntsu daɗi.

Malam_SVT:
Gaskiyar Hajiya ce. Maganar dafi kuwa, akwai masu shi. Wani mai launin rawaya ƙal da ke fitowa a itatuwan Turai da Amurka, mutanen da a can arewacin Turai da shi suke haɗa gubar kashe kyarkeci. Akwai kuma wani fari mai laushi kamar soso da barewar ƙasashen ƙanƙara ke ci, wanda ake tsinkowa a Finlan ana sayarwa don ado, ana sa shi a kayan adon Kirsimeti, kuma sau da yawa rina shi aka yi. Namu na dutse ban ce miki ki bari ta lasa ba.

Ƴar_Birni:
Na gode Malam, na gode Hajiya, zaren ƙyallin ma na sayo ƙulli biyu, yanzu na tura su can ƙasan akwati. Na fasa kankarar. Gobe da sassafe zan hau da buta in ɗan yayyafa masa ruwa in ɗauki foto da portabul, in ya yi kyau in kai a wanke min babba in rataya a bango. Faifan kuma tsakuwa da ƴaƴan goruba zan zuba. Ɗan Zango kai kuma rago muna da shi tun watan jiya, jiya ma ya cinye min rabin faifan da nake maganar 😭