Corolla mai hayaƙi da safe ko Peugeot 406: wacce za ta fi sauƙin riƙo a Sakkwato?

Assalamu alaikum jama'a, musamman iyayen gidanmu makanikai. Ina neman shawara a kan motoci biyu na hannu, kuɗinsu kusan ɗaya.

Ta farko Toyota Corolla ce ƙirar 2004, inji 1ZZ mai lita 1.8. Sarƙar taimin gare ta, ba bel ba, kuma kayan gyaranta ba su da wuyar samu. Matsalarta, idan ta kwana aka tayar, salansa na fitar da shuɗin hayaƙi na kusan minti ɗaya sannan ya ɗauke. An kwance fulogi huɗu, biyu sun jiƙe da baƙin mai. Robobin bawul ne suka bushe, ko ringin fistin ne ya tafi? Na farkon ƙaramin aiki ne, na biyun kuwa sai an buɗe inji. Awon matsin silinda kaɗai zai raba gardama, ko akwai wani gwajin?

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne an cire mata tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, an kuma haɗa fanka kai tsaye. Sau da yawa ɓoye ciwon lagireto ko gaskit ake yi da haka, ga shi zafin watan Afrilu a nan yana haura digiri 40.

Ita 406 ba hayaƙi, giyar hannu ce, amma ba a san yaushe aka sauya bel ɗin taimin ba, kuma ina tsoron wayarin ɗinta.

Zirga-zirgar ta cikin gari ce, sai zuwa Illela ko Tambuwal jefi-jefi. Don Allah wacce za ku ɗauka?