Shawarwarin da muka kwaso kan shugabancin Fada a Ikklisiyar Katolika

Bayan Misa a Sabon Gari muka zauna ƙarƙashin darbejiya, ga abin da na tsinta.

Bishop ne ke naɗa Fada, shi ke sauya masa wuri. Haka ake tun kafin a yanke Dayosis ɗin Zariya, wato yankin da Bishop ke kula da shi, daga Kaduna a 2000. Saboda haka mai ƙorafi ya fara samun Fada ido da ido, kafin ya kai gaba, ba a WhatsApp ba.

Batun kuɗi ya fi ɗaukar lokaci. Dokar Ikklisiya ta wajabta wa kowace majami'a kwamitin kuɗi. Wata uwa daga Zumuntar Mata ta ce: "Fada, a riƙa karanta mana lissafin baiko." Ina bayanta ƙwarai.

Dattawa kuma suka roƙa a riƙa jin ta bakin katikis, wato masu koyar da addini a ƙauyuka, su da suka san gidan kowa.