Ta ina zan fara nazarin zanen yarinya mai ɗan kunnen lu'ulu'u?

Tambaya: Assalamu alaikum malamaina. An ba mu aikin nazarin zanen Vermeer, mai zane ɗan ƙasar Holan, na yarinyar nan mai ɗan kunnen lu'ulu'u, shafi biyu. Daga "tana da kyau" sai na rasa abin rubutawa. Don Allah a ɗora ni a hanya.

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Fara da abin da ido ya gani, ki bar fassara sai ƙarshe. Zanen fentin mai ne, na wajen 1665, tsayinsa santimita 44.5, faɗinsa 39, yana gidan tarihi na Mauritshuis a birnin Hague, ƙasar Holan. Sai ki bi haske. Daga hagu yake shigowa, ta sama, ya sauka a goshi da kumatu, ya bar gefen kunne cikin inuwa. Ki mayar da hoton fari da baƙi a wayarki, nan take za ki ga inda haske ya fi ƙarfi, don launi kan ruɗi ido.

Amsa ta biyu: Ƙanwata, ki ƙara girman hoton ki tsaya a kan ɗan kunnen sosai. Ba a zagaye shi da layi ba, ko maƙalin da zai riƙe shi a kunne babu. Ɗigon farin fenti ne mai kauri a sama, sai wani haske marar ƙarfi a ƙasa, wanda farin wuyan rigarta ya jefa masa. Idonki ne ke haɗa sauran. Haka karan hancin, ba shi da iyaka, ya narke cikin kuncin da haske ya buga. Wannan shi ne gwanintar Vermeer, kuma a ganina ya cancanci rabin shafi shi kaɗai. Kada ki manta jikinta na gefe, kai ne ya waiwayo, baki a ɗan buɗe.

Amsa ta uku: Kuskure biyu ke rage maki. Kada ki rubuta cewa abin da ke bayan yarinyar a zanen baƙi ne tun asali. Binciken da aka yi wa zanen a 2018 ya nuna koren labule ne, launin ya dushe. Kuma kada ki laƙa mata suna, Holandawa na kiran irinsa "tronie", wato nazarin fuska da sutura, ba hoton wata sananniya ba. Shuɗin rawanin da ke kanta kuwa daga dutsen lapis lazuli na Afganistan aka niƙo shi, fenti mai tsadar gaske a lokacin.