Wane suna za mu ba wa quadrille?

Mai fassara: Salamu alaikum. Ana neman suna na Hausa ga kiɗan da Johann Strauss ƙarami ya tsara a 1852, Hofball-Quadrille, domin daren rawa na fadar sarkin Austiriya a Biyana. "Kiɗan fada" zai yi?

Malamin kiɗa: Wa alaikumus salam. Ba zai yi ba, Malam. Bahaushe na jin kiɗan fada sai tambari da kakaki da kirarin sarki su faɗo masa a rai. Wannan kuwa ba yabo a ciki, ba ma waƙa. Goge irin na Turawa ne da sarewa da ƙaho da ganga suke bi da ƙafafun masu rawa. Ni "rawar kusurwa huɗu" na fi so, tunda maza huɗu da mata huɗu ke tsayawa bibbiyu, kowane ɓangare na fuskantar na gabansa.

Malamar rawa: Gafarta Malam, a matsayin bayani na yarda, amma ban da suna. Yau a Biyana sahu biyu ake jerawa dogaye, ana kallon juna, kusurwar ta ɓace. Amurkawa kuma suna da tasu rawar ta murabba'i, za a riƙa rikita su. A rubuta "kadiril" kawai, daga sunan da Faransawa masu abin suka ba ta.

Inda aikin yake shi ne sassanta. A Faransa biyar ne: Pantalon, Été, Poule, Pastourelle, Finale. Mutanen Biyana shida suke yi, suna sa Trénis kafin Pastourelle. Kowanne da nasa kiɗan da nasa takun, a ɗan tsaya, a shiga na gaba. Ina ganin "juyi" ya dace da su: juyi na farko, juyi na biyu.

Malamin kiɗa: Juyi ya zauna daram, Hajiya, makaɗanmu ma haka suke cewa. A ƙara da "awo" ga ƴan gidajen da ake yanka kiɗan a takarda. Kadiril awo takwas-takwas take tafiya, galibi bugu biyu a kowane awo. Poule ce ta fita daban, ana raba bugunta gida uku-uku, sai ta riƙa rangaji. A juyin farko, awo takwas ɗin farko na gaisuwa ne, ba a taku. Wanda bai sani ba yakan zabura da wuri ya ɓata wa sahu lissafi. Haka in makaɗa suka tsallake maimai guda, kiɗa zai ƙare mutane na tsakiyar fili ba su koma mazauninsu ba. Shi ya sa mai tsara kadiril ba ya da ikon ƙara awo ko ɗaya don daɗin kunne.

Mai fassara: Na gode. Zan sa "kiɗan kadiril na rawar fada", in bi shi da "rawar kusurwa huɗu mai juyi shida" a ambaton farko.

Malamar rawa: Shida ɗin tsarin Biyana ne, Malam. In rubutun ya koma Faris, a mayar da shi biyar.